A Ƙirga Kofuna Ko A Ƙirga Yara?

Akwai wata magana da ake yawan yi a bakin fili da ɗakin kwana duk sa'ad da gardamar ƙwallo ta tashi, watau wai gwanin mai koyar da 'yan wasa shi ne wanda ya fi tara kofuna, saura kuwa duk 'yan rakiya ne. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Zan kuwa kafa hujjata da wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Nils Liedholm, wanda na san da yawanku ba su taɓa jin ko sunansa ba. Mutumin nan ya kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya sau ɗaya, ya kai na Kofin Turai sau biyu, sau ukun nan kuwa duk hannu rabbana ya koma gida. Duk da haka ina ganin ya fi masu kofuna da yawa girma.

An haife shi ran 8 ga Oktoba 1922 a Valdemarsvik, wani ɗan gari na bakin ruwa a gabashin Suwidin. A zamaninsa ƙwallo ba sana'a ba ce a ƙasarsu. Kowane ɗan wasa yana da aikinsa na neman abinci, sai ya tashi daga aiki sa'an nan ya zo fili. Abokinsa Gunnar Nordahl ma ɗan kwana-kwana ne, mai kashe gobara. Liedholm ya yi wasa a kulob ɗin Sleipner, daga nan ya koma IFK Norrköping inda suka ci kofin ƙasa a 1947 da 1948. A cikin 1948 ɗin ne kuma Suwidin ta je wasannin Olamfik a Landan, ta ci Yugoslabiya 3 da 1 a filin Wembley, ta ɗauki lambar zinariya, yana cikinsu. Ban da horon da ake ba kowa, shi yakan ƙara nasa na kansa: gajeren gudu, dogon gudu, jifan mashi, jifan dalma, tsalle. A lokacin ba kasafai 'yan ƙwallo suke damuwa da irin waɗannan ba. Ku riƙe wannan, don shi ya sa ya kai shekara 38 yana wasa.

A 1949 kulob ɗin Milan na ƙasar Italiya ya ɗauke shi, shi da Gunnar Gren, suka tarar da Nordahl wanda ya riga su zuwa da 'yan watanni. Mutanen Italiya suka ga sunayen nan uku sun yi musu nauyi a baki, sai suka gutsuro farkon kowanne suka haɗa, suka riƙa kiransu Gre-No-Li. An ce da zai tafi ya gaya wa mahaifinsa shekara ɗaya zai yi, in ta yi yawa biyu, ya komo. Ashe tafiya ke nan. Kusan shekara 60 ya yi a Italiya, a can ya yi aure, a can ya tsufa, a can ajali ya same shi.

Kafin zuwansu, rabon Milan da kofin ƙasa tun 1907. A Fabrairun 1950 suka je har gida suka ɗura wa Juventus 7 da 1, a 1951 kuma suka ɗauki kofin, bayan shekara 44 ana jira. Nordahl shi ne mai ci, har sau 5 yana zama wanda ya fi kowa jefa ƙwallo a raga a gasar. Liedholm kuwa shi ne mai rabo. Dogon mutum, ba ya gaggawa, kansa a sama, ƙwallo ta zo masa ya riga ya san inda za ta. Akwai wani labari da ake bayarwa, shi ma kansa yana son bayar da shi, wai ya yi shekara biyu a filin San Siro bai taɓa ba abokin gaba ƙwallo bisa kuskure ba, ran da kuwa ya yi, sai 'yan kallo suka tashi suka yi ta tafi na mintoci, don sun tabbata ashe shi ma ɗan Adam ne. Labarin da gishiri a ciki, ba shakka. Amma ba a ƙirƙira wa mai zubar da ƙwallo irin wannan labari. Gren ya bar Milan a 1953, Nordahl ya bari a 1956, shi ya zauna har 1961, ya zama kyaftin, ya ƙara kofin ƙasa a 1955 da 1957 da 1959. Ya buga wasa 359 a babbar gasar Italiya, ya ci ƙwallo 81. Da ƙafa ta fara nauyi sai ya riƙa ja da baya, daga gaba zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa cikin 'yan baya, yana raba ƙwallo daga can. Saboda natsuwarsa da kamun kansa suka sa masa laƙabin Il Barone, watau kamar a ce basarake.

To, ga abin takaici. Hukumar ƙwallon Suwidin ta ce duk wanda ya fita waje yana wasa don kuɗi ba zai sa rigar ƙasa ba. Saboda haka shekarun ƙarfinsa duka suka wuce bai yi wa ƙasarsa wasa ba, har jimillar wasannin da ya yi mata a rayuwarsa ba su kai 25 ba. Ba da shi aka je Kofin Duniya na 1950 ba, na 1954 kuwa Suwidin ko cancantar zuwa ba ta yi ba. Sai da za a yi gasar 1958 a ƙasarsu, kunya ta kama hukuma, aka janye doka, aka kira tsofaffin. Gren yana da shekara 37, Liedholm 35, aka ba shi kyaftin.

Shekarar 1958 ɗin nan ba ta yi masa adalci ba. Ran 28 ga Mayu, a birnin Brussels, Milan ta kara da Real Madrid a wasan ƙarshe na Kofin Turai. Sau biyu Milan tana shiga gaba, sau biyu ana ramawa, aka ƙara lokaci, Real ta ci 3 da 2. Bayan wata guda, ran 29 ga Yuni, ga shi a birnin Stockholm yana jagorantar ƙasarsa a wasan ƙarshe na Kofin Duniya, bayan sun fitar da Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Yamma. Minti 4 da farawa ya yanke 'yan bayan Birazil biyu ya jefa ƙwallo a raga. Har zuwa gasar 2022 ba a sami wanda ya girme shi ba cikin masu cin ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Amma a ɗaya gefen akwai Vavá da Garrincha da Didi, da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Pelé. Aka tashi 5 da 2. Ni nakan ce a raina, wanda yaro ɗan shekara 17 ya ƙwace wa Kofin Duniya a gaban sarkin ƙasarsa, ba zai ƙara raina yaro ba har abada. Wannan tunanina ne kawai, amma ku dubi abin da ya biyo baya.

Da ya rataye takalma ya shiga koyarwa a nan Milan. Bai fara da sa'a ba. A kakar 1964 zuwa 1965 ƙungiyarsa ta ba Inter ratar maki 7, amma kafin a gama Inter ta kamo su ta wuce. Wani in shi ne, mai kofin ƙasa 6 da lambar Olamfik, da sai ya zauna gida yana jiran babban kulob ya zo biko. Shi kuwa sai ya sauka rukuni na biyu. Ya koyar a Verona ya hau da su rukuni na ɗaya a 1968, ya je Monza, ya je Varese ya hau da su a 1970. A Varese ne aka ba shi aron wani matashi daga Juventus mai suna Roberto Bettega, ya sake masa fili, yaron ya koma gida ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan gaban Italiya. A Fiorentina, a 1972, ya sa Giancarlo Antognoni yana ɗan shekara 18, yaron da aka ɗauko daga wani ƙaramin kulob na can ƙasa. A Roma, a 1974, ya sa Bruno Conti. Waɗannan biyu suna cikin waɗanda suka ci wa Italiya Kofin Duniya a 1982.

Kada wani ya ce ai sa yaro a wasa ba wani abu ba ne. Ku tsaya ku duba yadda aikin koci yake. Abincinsa yana rataye ne a kan sakamakon ranar Lahadi. In ya sa tsohon ɗan wasa sananne ya yi kuskure, jama'a za su zagi ɗan wasan, su ce ya tsufa. In kuwa ya sa yaro ya yi kuskure iri ɗaya, ba wanda zai kula yaron, koci za a tasa gaba, a ce wane irin mahaukaci ne ya sa jariri a wasan manya. Saboda haka duk kocin da ke tsoron kujerarsa tsofaffi yake sawa, yana fakewa a bayansu. Wanda ya sa yaro, wuyansa ya miƙa. Ribar kuma ba lalle shi zai ci ba, don kafin yaron ya nuna, sau da yawa an riga an kori wanda ya shuka shi.

Ga misalin da na fi so. Akwai wasu 'yan'uwa biyu, Giuseppe da Franco Baresi, suka je gwaji a Inter. Inter ta ɗauki wan, ta ƙi ƙanen. Ƙanen ya koma Milan. Liedholm ya dawo kulob ɗin a 1977, ya ga yaron nan ɗan firit maras magana, ya sa shi wasa a Afrilun 1978 bai cika 18 ba. Da sabuwar kaka ta kama sai ya damƙa masa wurin da ya fi kowane haɗari a ƙwallon Italiya, watau ɗan bayan ƙarshe mai share duk abin da ya kuɓuce wa sauran, wanda in ya yi kuskure ba kowa bayansa sai gola. Da yaron nan a wurin Milan ta ci kofin ƙasa na 10 a 1979, ta sami tauraron da ake ɗinka wa riga. Kyaftin ɗinsu a shekarar shi ne Gianni Rivera, wanda Liedholm ya yi wasa tare da shi a 1960 sa'ad da Rivera yake ɗan shekara 17. Franco Baresi ya yi ta yi wa Milan wasa har 1997, da ya bari aka jingine rigarsa mai lamba 6, ba a ƙara ba kowa ba.

Yana gama cin kofin sai ya koma Roma, kulob ɗin da rabonsa da kofin ƙasa tun 1942. Abin da ya fara yi shi ne ya matsa a sayo masa wani ɗan shekara 20 daga Parma, wadda a lokacin ta fito ke nan daga rukuni na uku. Sunan yaron Carlo Ancelotti. Ya janyo shi daga gaba ya zaunar da shi a tsakiya, ya koya masa kallon fili.

A nan Roma ne ya yi abin da ya girgiza ƙwallon Italiya. Al'adarsu a lokacin ita ce kowane ɗan baya a ba shi mutum guda, a ce wannan naka ne, duk inda ya sa ƙafa ka bi shi, ko bakin layi ya je shan ruwa. Wannan tsari ba ya bukatar tunani, ƙarfi da naci kawai yake so. Liedholm ya ce a'a, kowa ya tsare yankinsa, wanda ya shigo yankinka naka ne, in ya fita ka bar wa maƙwabcinka. In kuma ƙwallo ta zo hannunku kada ku yi gaggawar watsar da ita gaba, ku riƙe ta, ku yi ta ba juna, gama muddin tana wurinku abokin gaba ba shi da abin da zai ci ku da shi. 'Yan jarida suka sa wa salon suna saƙar gizo-gizo, wasu da yabo, wasu da ba'a. Ya ɗauki kyaftin ɗinsa Agostino Di Bartolomei, ɗan tsakiya mai kai amma maras gudu, ya mai da shi cikin 'yan baya don a fara gina wasa tun daga can, kamar dai yadda shi kansa ya ƙare a Milan, ya haɗa shi da Pietro Vierchowod mai gudu kamar barewa don ya rufe masa. Ga Falcão ɗan Birazil a tsakiya, ga Conti a gefe, ga Roberto Pruzzo a gaba. Abin lura shi ne, tsaron yanki ba ya yiwuwa sai koci ya yarda 'yan wasansa suna da hankali, don kowane lokaci su ne za su yanke shawarar wa zan bi, wa zan bari. Halin da ya sa ya amince da yaro shi ne ya sa ya amince da wannan tsari. Suka ci ƙaramin kofin Italiya a 1980 da 1981 da 1984, babban kuwa a 1983, bayan shekara 41.

Yanzu bari in faɗi abin da masu ƙirga kofuna za su ce, don ba ƙarya za su yi ba. Za su ce mutumin nan ya fi shekara 30 yana koyarwa, kofin ƙasa 2 kacal ya ci, alhali Giovanni Trapattoni ya ci 6 da Juventus cikin shekara 10. Za su tuna mini ran 30 ga Mayu 1984, ran da aka yi wasan ƙarshe na Kofin Turai a filin Roma, gida da ƙofa, tsakaninta da Liverpool. Aka tashi 1 da 1, aka zo bugun daga kai sai gola. Golan Liverpool, Bruce Grobbelaar ɗan Zimbabuwe, ya riƙa karkaɗa ƙafafu kamar mai jin sanyi, Conti da Graziani suka ɗaga ƙwallo sama da raga, Liverpool ta ɗauke kofi da 4 da 2. Falcão, wanda ya fi kowa suna a ƙungiyar, bai buga ba, har yau mutanen Roma ba su daina maganar ba. Za su ce da koci mai zafi ne da ya tilasta shi. Za su kuma ƙara da cewa mutumin yana da camfi, har taurarin haihuwar 'yan wasa yakan duba. Wannan na ƙarshe ba zan kare shi a kai ba, shirme ne, kuma abin mamaki ne a wurin mai hankali irinsa. Na Falcão ma wataƙila suna da gaskiya. Sanyin hali yana da ranar da yake cutar da mai shi.

Amma ku biyo ni zuwa Milan, inda ya koma bayan wannan wasa. Ran 20 ga Janairu 1985, a garin Udine, wani ɗan baya ya ji rauni, da aka dawo hutun rabin lokaci sai ya sa wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Paolo Maldini. Yaron nan ya yi wa Milan wasa 902, ya ci Kofin Turai sau 5, bai bari ba sai 2009. A 1986 attajiri Silvio Berlusconi ya sayi kulob ɗin, yana son nasara yanzu-yanzu, a 1987 aka sauke tsohon. Arrigo Sacchi ya zo, ya ci Kofin Turai a 1989 da 1990, duniya ta yi ta yabo. Sacchi gwani ne, ya kawo zafi da matsi waɗanda Liedholm ba shi da su, ban hana shi nasa ba. Sai dai ku karanta sunayen ƙungiyar. Kyaftin Baresi. A hagu Maldini. A tsakiya Ancelotti, wanda aka sayo daga Roma. 'Yan bayan kuma sun riga sun saba da tsaron yanki. A littafin ƙididdiga kofunan nan biyu suna ƙarƙashin sunan Sacchi, ba ko ɗigo a ƙarƙashin na Liedholm. In littafi ya ce wanda ya yi huɗa ya yi shuka ba shi da komi a rumbu, to littafin ne bai iya lissafi ba.

Wani zai ce ai yaran nan da baiwarsu aka haife su, ko wa suka samu za su fito, balle Maldini da ubansa Cesare ya taɓa zama kyaftin ɗin Milan. To, ai Inter ma ta ga Franco Baresi da idonta, ta ce ya tafi. Yara nawa masu baiwa suka tsufa a benci suna jiran a waiwaye su? Ba mu san sunayensu ba, kuma dalilin ke nan da ba mu san su ba.

Ancelotti da ya zama koci ya ci Kofin Turai sau 5, a 2003 da 2007 da Milan, a 2014 da 2022 da 2024 da Real Madrid. An san shi da rashin tsawa da iya zama da 'yan wasa, kuma bai taɓa ɓoye cewa a wurin Liedholm ya fara ganin wannan hali ba. A 2025 Birazil, ƙasar da ta hana malaminsa Kofin Duniya, ta ɗauke shi ya koyar da 'yan wasanta. Shi kuwa tsohon, Roma ta sake kiransa a 1997 yana da shekara 74 don ya riƙe mata ƙungiya na 'yan makonni, ya zo ya riƙe, ya koma gonarsa ta inabi a ƙauyen Cuccaro Monferrato. A can ya mutu ran 5 ga Nuwamba 2007, yana da shekara 85.

Abin da ya sa na ɗauko wannan dogon labari daga Turai shi ne abin da nake gani a filinmu. Duk shekara 'yan ajin ƙarshe ne suke cika ƙungiyar makaranta, 'yan ƙananan aji kuwa aikinsu ɗauko ƙwallo in ta faɗa ciyawa, da ɗaukar bokitin ruwa. Akwai yaran da kowa ya san sun fi wasu manyan iya taka leda, amma ba mai ƙarfin halin sa su, don kada a ci mu a ce saboda su ne. Ran da manyan suka gama jarrabawa suka tafi, sai a wayi gari ba ƙungiya, a koma farawa daga tushe da waɗanda ba su taɓa jin ihun 'yan kallo ba. Iyayenmu ma, Allah ya ƙara musu girma, in mun je hutu tambayarsu ɗaya ce: kun ci ko an ci ku?

Roƙona ga malamin wasanni da kyaftin ɗinmu ba mai yawa ba ne. A wasannin sada zumunta na zangon nan a sa 'yan ƙananan aji biyu tun daga farko, ɗaya a baya ɗaya a tsakiya. In sun yi kuskure kada a yi musu ihu daga bakin layi, kada kuma a cire su a rabin lokaci. A bar su har alƙalin wasa ya busa tashi, ko da ana cinmu 3 da nema.